Yadda Ake Ba Kwikwiyo Abin Tauna Ba Tare da Ƙashi Ya Yi Masa Illa Ba

Washegarin Babbar Sallah ce, an gama suya, tsakar gida duk maiƙo, yara na kai-kawo da kwanuka. Akwai wani baƙin kwikwiyo da muka karɓo don gadin gida, watansa uku, muna ce masa Duna. Sai ga shi ya fito daga bayan murhu yana murza baki a ƙasa, yana kai ƙafar gaba yana ƙwaƙular fuska, yawu na dalala har ƙirji. Baba maigadi ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Maigida, ƙashi ne ya maƙale masa, bari in sa hannu in ciro." Na ce, "Baba, dakata tukuna." Ba don na san wani abu ba, tsoron cizo ne kawai ya sa na hana shi.

Da ƙyar muka sami likitan dabbobi a ranar hutu. Ya yi wa Duna allurar da ta sanyaya masa jiki, ya buɗe bakin, ya haska. Guntun haƙarƙarin rago ne daga cikin farfesu, ya gitta a saman baki, ya cije tsakanin haƙoran baya na dama da na hagu kamar an kafa azara. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya zaro shi da hantsaki. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne faɗan da ya yi mana, kuma daga ranar na daina ɗaukar kare da ƙashi a matsayin Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Kwikwiyo dai dole ya yi tauna, hana shi kamar hana jariri kai hannu baki ne. Amma ƙashi, musamman wanda ya ga wuta, yana cikin mafi munin abin da za ka miƙa masa. Ga yadda nake bi yanzu.

Da farko, buɗe bakinsa ka gani

Kafin ka yanke abin da zai tauna, ka san irin haƙoran da zai tauna da su. Ka zaunar da shi a cinyarka ko a kan benci lokacin da ya gaji da wasa, ka ɗaga leɓensa na sama da babban yatsa. Haƙoran farko guda 28 ne, suna fara tsirowa tun yana mako uku zuwa huɗu, su cika wajen mako shida zuwa takwas. Ƙanana ne, farare tas, masu tsini kamar allura, kuma ba su da ƙwari. Wajen wata uku zuwa huɗu zai fara famfara, na gaba su fara zuba, sannan fiƙoƙi da na baya. Zuwa wata shida ko bakwai haƙoran girma guda 42 sun gama fitowa.

Tsakanin wata uku da bakwai ɗin nan ne dasashinsa ke ƙaiƙayi, shi ya sa takalmin sallarka da ƙafar kujera da wayar caja ba sa tsira. Idan ka ga ɗigon jini kaɗan a jikin abin da ya tauna, ko ka tsinci ɗan haƙori a tabarma, ba komai, famfara ce. Abin damuwa shi ne fiƙar farko ta karye a tsakiya. Ramin da ke cikinta yana kaiwa har saiwa, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashi yana jiran fitowa. Saboda haka ƙa'idata ta farko ba ta da sassauci: muddin bai gama famfara ba, babu ƙashi kowane iri, ɗanye ko dafaffe.

Sannan ka rufe ƙofar dafaffen ƙashi, ka sanar da duk gidan

Wannan matakin ya fi kowanne wuya, domin ba kai kaɗai ke ciyar da kare ba. Yara na jefa masa, mai wanke-wanke na juye masa ragowar kwano, maƙwabci na cillo masa ta katanga don alheri.

Wuta tana busar da ƙashi, ta cinye abin da ke sa shi ɗan lanƙwasuwa. Gwada da kanka: ɗauki ƙashin cinyar kaza da aka soya, ka naɗe a tsumma ka buga da taɓarya. Ba ya niƙewa, tsagewa yake yi dogo-dogo, kowane tsagi da bakinsa kamar reza. Haka yake fashewa a bakin kwikwiyo. Tsagin na iya yanka harshe da dasashi, ya tsaya a maƙoshi, ko ya wuce ciki ya huda hanji. Idan hanji ya hudu, ƙazantar ciki na tsiyaya cikin kogon ciki, kuma daga nan sai aikin tiyata na gaggawa, in an yi sa'a. Dafawa, suya, gashi, banda, duk hukuncinsu ɗaya. Ƙashin kaza, na zabo, haƙarƙarin rago, ƙashin balangu, ƙashin da ya kwana a miya, ƙayar kifi, babu wanda na ware.

Mutane kan ce ai karnukan unguwa a bola suke ci, ga su nan garau. Waɗanda ka gani ke nan. Wanda ƙashi ya huda wa hanji ya je ya kwanta a kwalbati, ba wanda ya buɗe cikinsa ya ga dalili, sai a ce sammu ne ko an ba shi guba.

Kada kuma leda mai hoton kare da rubutun Turanci ta ruɗe ka a kanti. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana a 2017 cewa daga 2010 ta karɓi rahoto kusan 68 kan irin ƙasusuwan nan da ake gasawa ko a yi musu banda a sayar don karnuka. Karnuka wajen 90 abin ya shafa, kimanin 15 suka mutu. Dafaffen ƙashi ne aka sa wa kwalliya, kallon kitse ake yi wa rogo.

A aikace, ga abin da ya yi mana amfani. Mun ware bokiti mai murfi don ƙashi kaɗai, aka rataye shi a ƙusa inda kare ba ya kaiwa. Duk abin da za a juye wa Duna sai an bi shi da hannu an tsince. Tsinken tsire ma cikin bokitin yake shiga, don kwikwiyo na haɗiye shi saboda ƙanshin nama, kuma ya fi ƙashi iya huda. Totuwar masara da ƙwallon mangwaro su ma haka: ba sa narkewa, suna zuwa su toshe hanji daram kamar an sa marfi. Tunda ana maganar ragowar kwano, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, don haka kilishi da tsire mai yaji ba nasa ba ne. Goro, cakulan, inabi da zabibi ma guba ne gare shi.

Ɗanyen ƙashi fa?

Nan ne ake jayayya, har tsakanin masu kiwon karnuka da suka san abin da suke yi. Gaskiya ne ɗanyen ƙashi bai kai dafaffe tsagewa ba, kuma gwaguyarsa na kankare dattin haƙori. Mafarauta da makiyaya sun daɗe suna ba karnukansu. Amma rashin tsagewa ba shi ne lafiya ba, ga illolinsa guda huɗu da nake so ka auna.

Ta farko karyewar haƙori. Ƙashin ƙafar saniya, wanda ya ɗauki nauyin dabba mai ɗaruruwan kilo, ya fi ƙarfin haƙorin kare. Farin rufin da ke bayan haƙorin kare ma bai kai na mutum kauri ba. Wanda ya fi karyewa shi ne babban haƙorin nan na sama ta baya, wanda yake yanka nama da shi kamar almakashi. Gefensa ke ɓallewa kamar an fasa faranti, kare ya ci gaba da cin abincinsa ba ka sani ba, sai bayan watanni ka ga kumburi ƙarƙashin idonsa.

Ta biyu ɓargo. Kitse ne zalla, cikin kwikwiyo ba ya ɗaukarsa: gudawa ce mafi sauƙi, mafi muni kuma kumburin wani sashe na ciki da ke taimaka wa narkar da abinci, mai zuwa da amai da ciwo mai tsanani. Ƙashin ɓargon da mahauta ke yankawa gajere kamar zobe yana da wata masifar ta daban. Kare na zura muƙamuƙin ƙasa cikin ramin yana lasa, zoben ya wuce bayan fiƙoƙi ya ƙi fitowa, sai an sa masa barci an yanke da zarto.

Ta uku ƙwayoyin cuta da tsutsa. Ɗanyen nama na ɗauke da Salmonela da ire-irenta, kuma sa shi a firiza ba ya kashe su, barci kawai suke yi. Kwikwiyo bai yi ƙwarin da zai jure ba, sannan ya lashi hannun yaro, yaro ya kai baki. A zafin watan Afrilu, naman da ya wuni a teburin mahauci ƙuda na bi ba sai an yi dogon bayani ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna lokacin layya. Idan aka feɗe dabba aka ga wasu ƙulli masu ruwa a huhu ko hanta, al'ada ita ce a yanke wurin a jefa wa kare. Ƙullin nan 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce. Tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya koma jikin tumaki da raƙuma da mutane, ya yi wa mutum irin wannan ƙullin a hanta ko huhu, wani lokaci sai an yi masa aiki. Ɗanyen kan rago ma haka: akwai tsilar da ƙullinta ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya har ta riƙa zagaye wuri ɗaya, kuma ta cikin kare take yawo. Irin wannan nama a haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone.

Ta huɗu ita ce wadda masu manyan karnuka ke faɗawa ciki da kyakkyawar niyya. Wanda ya sayi ɗan Alseshan ko Rotwaila ko Bowabul yana so ya yi ƙashi, sai ya dinga ɗura masa ƙashi da garin ƙashi da ƙwayoyin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba jikinsa bai iya tace kalsiyam ba, kusan duk abin da ya shiga ɗauka yake yi, kuma yawansa na karkatar da girman gaɓoɓi a irin waɗannan manyan karnuka. Ɗaya gefen ma akwai: wanda ake ba tsokar nama zalla ko gayan tuwo kullum, ƙafafunsa na gwamewa don rashin kalsiyam ɗin. Maganin duka biyun abinci ne da aka haɗa daidai don 'yan kwikwiyo, ko likita ya tsara maka haɗin gida. Jefa masa ƙashi ba ya gyara lissafin.

Ni dai ra'ayina, ko bayan wata bakwai ba dole ba ne. Amma idan ka ce sai ka ba shi, to ka yi shi da tsari. Je kwata da sassafe lokacin da aka gama fiɗa, ka ce wa mahaucin, "Malam, kan gaɓa nake so, mai guringuntsi da sauran nama a jiki, kada a sara mini shi." Ya fi kan karen girma, yadda ba zai iya kai shi haƙoran baya ya datsa ba. Kada ka karɓi sangalin ƙafa, ko ƙashin da aka sassara da gatari, ko guntayen ƙashin baya da na wuya, waɗanda su ne daidai maƙoshi. Ba shi bayan ya ci abinci, don mai yunwa haɗiya yake yi ba tauna ba. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Da ya cinye guringuntsin ya kai ga farin ƙashi mai tauri, aikin ya ƙare. A ƙasashen sanyi sukan mayar firji a sake bayarwa, amma da zafinmu da wutarmu mai zuwa da ɗaukewa, ni jefarwa nake yi a ranar. Sannan a wanke wurin da hannu da sabulu.

Gwaji uku kafin kowane abin tauna

Ko daga kasuwa ya fito ko daga kanti, ina yi masa gwaji uku. Na danna farcen babban yatsa a jikinsa: in bai lotsa ko kaɗan ba, ya yi tauri. Na ɗan ƙwanƙwasa shi a ƙoƙon gwiwata: in na ji zafi, haƙorinsa ma zai ji. Na kuma gwada shi da bakin karen: in zai shige gaba ɗaya, ya yi ƙanƙanta.

Ƙaho da kofato sun faɗi tun a gwajin farko. Kofato ma har tsagewa yake yi da kaifi, ga wari in ya jiƙa da yawu. Ƙahon barewar Turai da ake shigowa da shi a sayar da tsada, likitocin haƙoran dabbobi sun san shi sarai wajen fasa haƙori. Dutse da ƙanƙara mai tauri su ma a bar su.

Ganda sai an yi hattara. Wadda ta dahu ta yi laushi, kwikwiyo na yanko babban yanki ya haɗiye, ya tsaya masa a wuya. Busasshiya kuma tana kumbura a ciki bayan an haɗiye. Ga tambayar inda ta fito: wasu da tayar mota da robobi suke babbaka, hukumar NAFDAC kuma ta yi gargaɗi kan fatun da aka sa wa sinadarai don masana'anta amma suka ɓulla kasuwa a matsayin ganda. A 2023, da cutar antiras, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta ɓulla a maƙwabtan ƙasashe, ma'aikatar noma ta tarayya ta ja kunnen mutane kan cin ganda, kuma a watan Yuli aka tabbatar da cutar a wata gona a Suleja. Fatar mushe ko ta dabbar da ta faɗi farat ɗaya, kada ta kusanci karenka. Farar fatar kanti da ake ƙullawa kamar ƙashi ita ma fata ce da aka wanke da sinadarai, matsalarta ɗaya da busasshiyar ganda, kuma ƙullin bakin ne ke cirewa a haɗiye.

Waɗanda na fi yarda da su cikin kayan dabba su ne masu laushi da narkewa: busasshen maƙogwaron saniya, wanda guringuntsi ne, da doguwar agara, da kunnen saniya. Su ma sai ya wuce wata uku, sai dogo wanda ya fi bakinsa nesa ba kusa ba, kuma daga hannun wanda ka yarda da tsaftarsa. Bushewa ba ta kashe ƙwayar cuta. Tsakanin 2015 da 2019 mutum 154 a jihohi 34 na Amurka suka kamu da Salmonela ta dalilin busasshen kunnen alade da ake sayar wa karnuka, mutanen gida ke nan, ba karnukan ba. In ka taɓa, ka wanke hannu, kuma kada yara masu rarrafe su yi wasa da shi.

Abin da nake bayarwa a watannin famfara

Mafi arha shi ne ya fi aiki. Samu tsohon tawul mai kauri wanda ba ya zare, ka jiƙa, ka murɗe shi kamar gammo, ka sa a firiza. In babu wuta, ka ɗora a kan ƙanƙarar da ka sayo ko ka tsoma a ruwan randa. Sanyin na kwantar da ƙaiƙayin dasashi. Da ka ga ya fara yage shi, karɓe, don zare a hanji masifa ce mai zaman kanta. Babban karas guda, mai sanyi, shi ma yana yi, amma ka tsince gutsattsarin da ya kai girman da zai shaƙe shi.

In da hali, sayi abin wasan roba mai rami a ciki, irin na kamfanin Kong, ka zaɓi mai laushin da aka yi don 'yan kwikwiyo. Jiƙa abincinsa, ka cusa a ramin, ka sanyaya. Zai yi rabin awa yana fama, kai kuma ka huta. Girmansa na ƙaruwa, kana sauya masa babba. Tsohon silifa kuwa kada ka fara, bai san bambancinsa da sabon takalmin baƙo a ƙofar zaure ba.

Duk abin da ake ci cikin waɗannan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa na yini. Kuma sabon abu ɗaya a lokaci guda, ka ba shi kwana biyu ka ga yadda cikinsa ya karɓa.

Zauna da shi, ka koya masa musaya

Ba a ba kwikwiyo abin tauna a tafi masallaci ko kasuwa. Ka zauna inda kake ganinsa, a kan siminti ko wani buhu da za a iya wankewa, nesa da sauran karnuka, don kishi na sa shi haɗiye abu da sauri kada a ƙwace. Idan abin ya rage daidai tsawon bakinsa, lokacin karɓewa ya yi.

Yadda ake karɓewar shi ne darasin. In ka bi shi da gudu kana tsawa, abu biyu zai koya: haɗiyewa da gaggawa, da gurnani in an matso. Ka riƙe ɗan abin da ya fi daɗi, kamar tsokar dafaffiyar kaza marar ƙashi, ka kai kusa da hancinsa, ka ce "saki". Yana saki ka ba shi tsokar, sannan ka mayar masa da abin taunarsa. Mayarwar nan ce sirrin, a nan yake gane cewa hannunka ba na ƙwace ba ne. Yi haka sau uku ko huɗu a kowane zama. Cikin mako biyu Duna ya kai in na ce "saki" sai ya tofar da abin ya ɗago kai yana jira. Ranar da ya ɗauko kan kifi daga lambatu, kalmar nan ce ta fitar da mu. Yara kuwa a gaya musu kada su taɓa kare yana tauna, ko da sun saba da shi.

Washegari ka duba bayan gidansa. A rubutu ƙugiya ɗaya ce ta raba ƙashi da kashi, a cikin kare ma tazarar ba ta da yawa. In ya fito fari, busasshe, yana marmashewa kamar alli, ƙashi ya yi yawa. In yana ta yunƙuri ba abin da ke fita, ko yana kuka, gutsattsarin sun cunkushe. Gudawa sau ɗaya bayan sabon abu, dakatar da abin. Kada kuma ka manta da maganin tsutsa: duk mako biyu har ya kai wata uku, sannan duk wata har wata shida. Ka tambayi likita wanda ke kashe tsila, don ba kowanne ke yi ba.

Idan abin ya riga ya faru

Faɗan da likita ya yi mana ranar nan a kan hannun Baba ne. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da hauka da cizo ba. Akwai nau'in da ke shanye maƙoshi da muƙamuƙi: kare ya saki baki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya, yana kakari. Duk wanda ya gani zai rantse ƙashi ne ya maƙale. Mutane sun sha zura hannu neman ƙashin da babu, yawun ya shiga ƙujewar da ke yatsa. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Saboda haka idan kwikwiyo na dalala, ba ka ga lokacin da ya ɗauki ƙashi ba, ba a yi masa allurar hauka ba, ko tsinto shi aka yi, ko wani kare ya taɓa cizonsa, kada ka sa hannu. Rufe shi a kwali ko keji ka kai asibiti. In ya cije ka ko yawun ya taɓa rauni, wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka wuce asibitin mutane a ranar. Allurar rigakafin ana yi wa kwikwiyo ne daga wata uku, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana sarrafa ta a nan gida.

In kuwa a gabanka ya ɗauka, ka duba numfashi. Yana tari da ƙarfi, iska na shiga? Bar shi ya yi tarin, ku kama hanya. Ba ya iya numfashi, harshe ya fara komawa shuɗi? Ɗaga shi kansa ya kalli ƙasa, ka buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar. In bai fito ba, sa hannu a bayan haƙarƙarinsa na ƙarshe ka danna ciki da sama da sauri sau biyar, daidai ƙarfin jikinsa, sannan ka duba bakin. Abin da kake gani sarai kuma yake motsi za ka iya zarowa. Wanda ya cije ko ya yi zurfi, turawa za ka ƙara yi. Ko ya fito, a kai shi a duba.

In ya riga ya haɗiye, kada ka sa shi amai. Ruwan gishiri na iya kashe shi, ƙashi mai kaifi kuma yankan da bai yi ba wajen shiga zai yi wajen fita. Manja da madara da ake ɗurawa ba sa narkar da ƙashi, sau da yawa ma huhu suke shiga. Farasitamol da ibufurofen na mutane guba ne ga kare, kada tausayi ya sa ka ba shi. Kira likita, sannan ka sa masa ido kwana uku. Alamun da ba a kwana da su: amai a kai a kai, abinci ya dawo da zarar ya haɗiya, ƙin ci, kumburin ciki ko kuka in an taɓa, kwantar da ƙirji a ƙasa baya a sama, jini a bayan gida ko ya fito baƙi kamar kwalta, da kwanciya lakwas. Amai da gudawar jini a kwikwiyon da bai gama alluransa ba na iya zama cutar fabo, mai yaɗuwa tana kama hanjin 'yan kwikwiyo, wadda ita ma ba ta jira.

Tun yau ka nemi lambar likitan dabbobi mafi kusa ka ajiye a waya, ka tambaye shi ko yana ɗauka ranar hutu. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da na'urar ɗaukar hoton ciki ba, don haka ka san inda za a tura ka. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi. In za ka tafi, ɗauki ragowar ƙashin ko irinsa a leda, da katin alluransa, ka kuma riƙe amsar tambayoyi uku da za a fara yi maka: ƙashin mene ne, dafaffe ko ɗanye, kuma da ƙarfe nawa ya ci.